Rataya kyamara daban, saita ta daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sammin fili inyi magana da 'yan uwana 'yan kasuwa da magidanta akan wannan yayin na saka kyamarar tsaro da ake cewa CCTV, domin yanzu a nan Zariya in ka ratsa ta PZ ka shiga kasuwan Sabon Gari (kar ka gyara min "kasuwan" ɗin nan Edita, mu Zage-zagi haka muke faɗi) ko ka bi layukan Hanwa da Samaru da Tudun Wada, kai har cikin ganuwa wajen su Kwarbai, ko'ina zaka ga ɗan farin abun nan maƙale a ƙasan kwano yana leƙenka. Abun yayi kyau, ban ƙi ba. Amma ni da na sha wuyarshi inada yaƙinin da yawansu ado ne kawai, an rataya an karɓi kuɗi an tafi ba'a saita ba, masu su kuma basu ma san akwai wani abu da ake saitawa ba.

Ni sana'ata sayar da kayan noma, taki da maganin feshi da iri da injinan ban ruwa. Shagona yana Sabon Gari, sito kuma yana manne da gidana can wajen Dogarawa. Farkon hunturun da ya wuce bayan an fasa wa wani maƙwabcina shago sai tsoro ya kamani na kira mai haɗa kyamara ya saka min guda 4, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a ƙofar sito, ɗaya a lungun baya, ɗaya tana kallon layi. Ya zo da tsani da yaranshi biyu, kafin la'asar sun gama, ya saka min manhaja a waya na ga ƙofar gidana a tafin hannuna, yace Alhaji ai yanzu ko ƙuda ya gitta sai wayarka ta faɗa maka. Nayi ta washe baki ina sa mishi albarka, ban san maganar ƙudan nan gaskiya tsagwaronta ya faɗa ba.

Daren farko ban runtsa ba. Ƙit wayar tayi ƙara, in duba, akuyar maƙwabta ce ta zo sosa jiki a bango. In koma in kwanta, ƙit, ganyen darbejiyar ƙofar gida ne iska ke kaɗawa. Ƙit, ɗan acaɓa ya wuce ta bakin layi fitilarshi ta haska katanga. Wajen ƙarfe biyu kuma sai ƙwari suka taru a idon kyamarar saboda ɗan jan hasken nan da take gani da shi da daddare, kana kallo kamar ana ruwan auduga, ga ƙurar hunturu ita ma tana walƙiya a gaban gilashin, kwana uku gizo-gizo ya zo ya shimfiɗa yanarshi daidai kan kyamarar lungu, duk sanda iska ta taɓa zaren sai waya tayi kuka. Da safe na ƙirga saƙon da ya shigo a dare ɗaya ya haura 200. Uwargida tayi haƙuri sati ɗaya, ranar na takwas tace Alhaji ko dai wayar nan ta koma falo da kwana ko kai da ita ku koma tare. Shikenan na shiga na kashe ƙarar gaba ɗaya, nace ai tana ɗauka, in wani abu ya faru sai mu duba.

Toh abun kuwa ya faru. Ba'a cika wata ba wata safiya yaron shago ya zo ɗaukar kaya ya tarar an ɓalle kwaɗon sito, an ɗauke injin ban ruwa guda biyu da injinan feshi na goyo da wasu katan na magani. Na duba waya, wallahi ga saƙonnin nan reras kyamara ta turo a lokacin da ake abun, amma suna tsakiyar ɗaruruwan saƙon akuya da ƙwari, wayar kuma na rufe mata baki da hannuna. Muka zauna gaban talabijin muna neman hoton, abu na farko kwanan watan da ke saman hoton shekarar da ta wuce da daɗewa yake nunawa, agogon kuma yana cewa ƙarfe tara na safe alhali duhu ne ƙirin, ashe duk sanda aka ɗauke wuta agogon DVR, wato na'urar da ke ajiye hoton kyamarorin, sai ya koma baya. Sai da muka ɓata kusan awa uku kafin muka samo wajen. Da muka samu kuma me muka gani? Mutum biyu, kyamarar ƙofar sito tana can sama kusa da rufi, saman hularsu kawai take nunawa da kafaɗa. Ta layi kuma ta kamasu suna tafiya amma ƙanana kamar tururuwa, in ka jawo hoton sai fuskar ta fashe ta zama kamar an watsa kunu a bango.

Anan nayi kuskuren da har yanzu yake damuna, kuma saboda shi ne ma na ɗauki biro, ko ince waya. Cikin zafin rai na tura guntun bidiyon a gurup ɗin WhatsApp na unguwa. Kafin azahar mutum uku sun rantse sun gane tafiyar, wai wani yaro ne na bayan layinmu mai gyaran babur, wani yace ai hular ma tashi ce, wani yace dama shi tuntuni bai yarda da idon yaron ba. Har matasa sun fara taruwa a ƙofar gidansu, Allah ya taimaka mai unguwa ya fito da 'yan sintiri suka hana a taɓa shi. Da aka bincika ashe yaron nan kwana huɗu kenan yana asibitin koyarwa na Shika yana jinyar mahaifiyarshi, a can yake kwana, mutanen da ke jinya kusa da su duk sun shaida. Ni da ƙafata naje na ba mahaifinshi haƙuri, dattijon bai ce min komai ba sai Allah ya kyauta, kuma wannan Allah ya kyautan ya fi min zagi ciwo. Da an illata yaron nan akan hoton da fuskar cikinshi bata fi ƙwayar gero ba, me zan faɗa wa Allah?

Bayan nan ne ɗan yayata da ke karatun injiniyan lantarki a ABU ya zo hutun ƙarshen mako, na bashi labari, ya karɓi linzamin na'urar ya shiga ciki ya dudduba yayi dariya yace Kawu ai motarka tanada giya biyar kai kuma tun da ka saya a giya ɗaya kake tafiya. Yace abun da aka kunna min shi ne tsohon tsarin da suke kira moshan, shi wannan bai san mutum ba bai san akuya ba, aikinshi kawai ya kwatanta hoton yanzu da na ɗazu, in ɗigogin hoton suka canza launi da yawa sai yayi ihu, shi yasa inuwa da haske da ƙura duk ɓarayi ne a wajenshi, kuma an bar shi a kan duk faɗin allon har da bishiya da titi. Amma a cikin na'urar tawa, wacce na riga na biya kuɗinta, akwai wani sashe na basira da aka horar da shi da hotunan mutane da motoci masu ɗimbin yawa har ya iya rarrabe siffar ɗan Adam da ta mota daga sauran abubuwa. Kamfanonin da kayansu suka cika kasuwanninmu kowa da sunan da yake kiran nashi, Hikvision suna cewa AcuSense, Dahua suna cewa WizSense ko SMD, dukkansu biyun kamfanonin birnin Hangzhou ne na ƙasar Sin. Ni bazan faɗi irin tawa ba dan ba laifin na'urar bane, akwatin da za'a danna a zaɓi mutum da mota yana nan a buɗe ba wanda ya taɓa shi. Sai dai yace in ja kunnen masu saye, ba kowace DVR ke da wannan ba, wasu kuma sunada shi amma a kyamara ɗaya ko biyu kawai zai yi aikin zana layi da zan yi bayani a gaba, dan haka mutum ya tambaya tun kafin ya biya.

Yadda muka yi aikin nan ya burgeni, shi yasa zan ɗan tsaya a kai. Bayan isha'i ya zauna gaban allo ya kama linzami ya ja layi ɗaya a kan hoton lungun baya, daga gindin katanga zuwa gindin ɗayar katangar, kamar yadda yara ke jan layi a ƙasa in za'a yi langa, turawa suna ce mishi layin kurosin. Ya nuna min 'yar kibiya a jikin layin, yace ita ke nuna ɓangaren da in aka tsallaka za'a sanar da kai, muka zaɓi mai shigowa kawai banda mai fita. Da farko ni nace a ja layin can bakin hoton dan a kama mutum tun daga nesa, yace a'a, na'urar tana buƙatar ta ga mutum gaba ɗayanshi na ɗan lokaci kafin ya iso layin sannan ta yanke hukuncin mutum ne, in layin yana gefen hoto kafin ta gane shi ya riga ya wuce, dan haka wajen tsakiya ake ja. A ƙofar sito kuma ba layi ya ja ba, fili ya zana mai kusurwa huɗu da ya rufe gaban ƙofar, ya saka mishi daƙiƙa 5, ma'ana wanda ya wuce abunshi ba ruwanta da shi, amma wanda ya tsaya a ciki ya kai daƙiƙa biyar kamar mai taɓa kwaɗo sai ta kira. Ya kuma zana ɗan ƙaramin akwati da babban akwati yace duk abun da bai kai wannan girma ba ko ya wuce wancan ta ƙyale shi, kaga mage da ɓera sun fita daga lissafi. Bishiyar darbejiya da titi ya cire su gaba ɗaya daga wajen da ake sa ido.

Sai gwaji, wanda shi ne masu haɗawa basa yi sam. Muka fito da ƙaramin ɗana muka ce ya tsallaka layin, waya tayi ƙara. Muka ce ya dawo, shiru, daidai kenan. Muka kwanto ragon gidan aka ja shi ya tsallaka shi kaɗai, shiru, nace Alhamdulillah. Muka ce yaro ya bi da gudu, ta kama. Muka ce ya durƙusa ya rarrafa ta jikin bango kamar mai mugun nufi, a nan fa tayi shiru sau biyu cikin uku, sai da aka ƙara mata ƙarfin ji aka ɗan matsar da layin. Na saka babbar riga na wuce ta kama ni, amma da ƙanwar uwargida ta wuce cikin dogon hijabi har ƙasa a duhu sau ɗaya bata ganta a matsayin mutum ba sam, ɗan yayata yace ba mamaki, irin hotunan da aka koya wa na'urar akasari na masu wando da riga ne wanda ƙafa da hannu ke bayyana. Mai turin baro da buhu a kai shima sai da muka gwada. Mun kai ƙarfe ɗaya na dare a waje muna kai da kawo cikin sanyin nan na Zariya, maƙwabta suna leƙowa suna tunanin ko wani abu ya sameni, amma tun daga ranar saƙon da ke shigo min a dare bai wuce biyu ko uku, kuma duk wanda ya shigo in na duba mutum ne.

Akwai kuma jadawalin lokaci. Ba amfanin waya tayi ta kuka da rana tsaka lokacin da almajirai ke sallama a ƙofa, masu tallan ƙosai da 'yan makaranta suna wucewa, muka saita sanarwa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, ɗaukar hoto kuwa tana yi dare da rana. Sai gashi asubar farko masu tafiya masallaci ta lungunmu sun tashe ni tun kafin kiran assalatu, aka sake gyarawa. Da azumi ya zo kuma komai ya rikice, masu fita tahajjud a goman ƙarshe da masu neman abun sahur, dole aka sake zama. Abun nufi setin nan ba'a yin shi sau ɗaya a manta, yana bin yanayin unguwa, kuma wanda ya ƙera na'urar a can Sin bai san da tahajjud ba balle ƙurar hunturu.

Maganar fuska kuwa lissafi ne ashe, ba sa'a ba. Yace akwai ma'auni na ƙasa da ƙasa da masu wannan aiki ke bi, ana ƙirga ɗigon hoto nawa ne ya faɗa kan kowace mita ɗaya ta wajen da ake kallo. Ɗigo 25 a mita ya isa ka san akwai mutum a wajen, 125 zaka iya gane wanda dama ka sani, amma kafin a tantance baƙon fuska ba tare da kokwanto ba sai 250. Kyamara irin tawa mai megafiksel 2 faɗin hotonta ɗigo 1920 ne, in ka raba da 250 zaka ga faɗin wajen da zata iya tantance fuska bai kai mita 8 ba. Tawa ta layi kuwa an buɗe mata ido tana kallon kusan mita 30, shi yasa fuskar mutum take zuwa a ɗigo goma ko ƙasa da haka, kuma akan ɗigo goman nan aka kusa kashe ɗan mutane. Dan haka muka bar ta layi a matsayin mai ganin shige da fice kawai, ta ƙofar sito kuma muka sauko da ita ƙasa da mita 3 muka karkata ta yadda zata riƙa kallon fuskar mai tahowa maimakon tsakar kanshi. Masu haɗawa suna son kai ta can sama wai kar a sace ta ko yara su jefe ta, toh an tsare kyamara amma an rasa abun da aka saye ta dominshi.

Haske ma haka. Ya sa na saka ƙwai mai haske a gefe, nesa da kyamarar da 'yan taku, ƙwarin duk suka koma can, hoton dare kuma ya fito da launi, sannan da hasken ya wadata ya ƙara saurin ƙiftawar idon kyamarar dan mai tafiya da sauri ya daina fitowa kamar fatalwa. Lokacin hunturu duk Juma'a yaro yana hawa ya goge gilashin da tsumma mai laushi ya share yana. Ƙaramin aiki ne amma in ba'a yi ba duk basirar nan makanta ce.

Wuta kam kowa ya san halin da muke ciki, ba sai na ɓata maka shafi ba. Ɓarawo yana son daren da ba wuta, kyamarar da ke jiran wutar layi kuwa a daren take barci. Kyamara huɗu da DVR da 'yar na'urar intanet duka basu wuce cin wat 40 zuwa 50 ba, batir ɗaya mai amfiya 100 da ƙaramin faifan sola yana kai su safiya in ba'a jona mishi fanka da talabijin ba, wanda anan ne rigimar take da mutanen gida. Sannan rumbun ajiya, kyamara ɗaya in tana tura megabit 2 a daƙiƙa tana cinye wajen gigabait 21 a rana, huɗu kenan sama da 80, rumbu mai terabait 1 bai cika kwana 12 ba zai fara goge na baya yana ɗora sabo. Mutane da yawa sai an yi sati uku da ɓatan kaya sannan su zo neman hoto. In na'urarka tanada tsarin matse bidiyo na H.265 a kunna shi, yana rage cin wuri sosai. Kuma dan Allah a daina ajiye DVR a kan teburin shago kusa da talabijin, ɓarawon yanzu shi yake fara ɗauka.

Agogo kuma, ɗan batir ne mai kamar kwabo a cikin na'urar ya mutu, aka canza aka sa ta riƙa karɓar lokaci daga intanet. Wani abokina lauya yace min kar in raina wannan, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abun da na'ura ta ɗauka a kotu amma sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, toh hoton da ke cewa tara na safe cikin duhu ai lauyan wancan ɓangaren ko zufa bazai yi ba.

Yanzu ga wacce tafi shafarmu mu Hausawa. Kyamarar lungu da aka saka min, ashe gefen hotonta yana leƙa saman katangar maƙwabcina har ana hango wani yanki na tsakar gidanshi wajen madafa da igiyar shanya, inda iyalinshi ke zirga-zirga ba mayafi. Ni wallahi ban lura ba, sai da ɗan yayata ya nuna min na ji kunya ta rufe ni. Akwai wajen da ake zana baƙin akwati a rufe wani yanki na hoto yadda ko a ajiya bazai fito ba, ya rufe wajen, muka kuma sunkuyar da kanta, washegari na kira maƙwabcin na nuna mishi da idonshi. Addininmu ya hana leƙen asirin mutane, yana nan a Suratul Hujurat, kundin tsarin mulki ma sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidanshi, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Amma tun kafin doka ai mu mutanen zaure ne, baƙo namiji ma iyakarshi zaure, sai gashi mun ɗauko ido mun ɗora a saman katanga ba sallama.

Abun da ya fi wannan tayar min da hankali shi ne kalmar sirri. Wacce aka saka min irin ta admin da 12345 ɗin nan ce da aka ɗan ƙara wa harafi, kuma asusun manhajar da aka haɗa na'urar da shi ba da lambata aka buɗe ba, da lambar mai haɗawar ne, ni kawai an raba min kallo. Ma'ana shi da duk yaron da ya riƙe wayarshi suna iya ganin ƙofar gidana, su san sanda nake fita da sanda mota ke sauke kaya. Ban ce shi ya turo min ɓarayi ba, Allah ya gani bani da hujja kuma na riga na koyi darasin zargi, amma ai bai kamata ba. Muka cire na'urar daga asusunshi muka buɗe nawa muka canza komai. Kuma ba a nan kaɗai ake wannan sakacin ba, a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga kyamarori da DVR masu ɗimbin yawa a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka fito da su daga kamfani, aka haɗa ƙarfinsu aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu awanni. Masu saka kyamara a cikin falo da tsakar gida su suka fi bani tsoro.

Yanzu kuma naji an fara tallata wa manyan 'yan kasuwa da masu makarantu mai gane fuska, wai ka saka mata hoton mutum duk sanda ya zo ta faɗa maka. A bi a hankali. Hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka mai suna NIST ta gwada irin waɗannan manhajoji 189 a shekarar 2019, ta gano da yawansu sun fi yin kuskuren kama wani a madadin wani in fuskar ta baƙar fata ce, mu 'yan Afirka ta Yamma muna cikin waɗanda abun ya fi shafa. A farkon 2020 'yan sandan birnin Detroit sun kama wani baƙar fata a gaban iyalinshi akan satar da bai yi ba saboda na'ura tace shi ne. Can kenan da ake kai mutum ofishin 'yan sanda ya samu lauya, a nan kuwa kafin a kai ga ofis an tara mishi jama'a.

Edita ka tuna kwangilar kyamarorin Abuja ta dala miliyan 470 da aka bayar a 2010, aka kakkafa turaku da faifan sola a bakin tituna, daga baya kowa ya ga yadda suka zama. Abun da ke faruwa a shagunanmu ƙaramin wancan ne, a sayi kaya a rataya a ɗauki hoto, ba mai saitawa ba mai kula. Roƙona gareku shi ne ku samu masana, ga su nan birjik a ABU da kwalejin Nuhu Bamalli, su riƙa yi wa mutane bayanin waɗannan abubuwa da Hausa a shafinku na kimiyya, domin duk rubutun cikin na'urorin nan da turanci ne kuma mafi yawan masu saye irina ne. Su kuma matasanmu masu sana'ar haɗawa, ba ina kushe ku bane, sana'a ce mai kyau kuma da yawanku kuna ƙoƙari, amma ku saka kuɗin setin da gwajin dare a cikin cinikin tun farko ku dawo bayan isha'i ku tsallaka layin da ƙafarku a gaban mai gida, ku miƙa mishi asusunshi da kalmar sirrinshi a hannu. Mai saye shima kar ya cika kuɗi sai an yi haka.

Ni dai yanzu na maida ƙarar wayata, uwargida ma ta daina ƙorafi. Baba maigadi da naso in sallama lokacin da aka saka kyamarar yana nan daram, domin in waya tayi ƙara ƙarfe biyun dare shi nake kira ya haska tocila ya buga wa 'yan sintiri, kyamara bata da sanda. Injinan nan biyu har yau ba labarinsu. Damina kuma gata nan tafe, ɗan yayata yace da zarar ƙwarin farkon ruwa sun fito da shinge da gina sai mun sake zama a gaban allon, na riga na faɗa mishi kuɗin motarshi daga Samaru yana wuyana.

Nagode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Wani mai sayar da kayan noma,
Sabon Gari, Zariya.